Fitilar LED da idon direban da ke tahowa

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya da dare ya san farin hasken nan da ke dukan ido har mutum ya kasa ganin gefen titi. Sau da yawa tsohuwar mota ce aka cire mata ƙwan halojin, aka cusa na LED daga kasuwar kayan gyara.

Madubin da ke cikin fitilar an ƙera shi ne daidai da zaren ƙwan halojin, domin ya tattara haske ya kwantar da shi a kan kwalta. Ƙwan LED kuwa daga wani gurbi daban haskensa ke fitowa, sai ya watsu sama, ya faɗa idon direban da ke tahowa, da ɗan acaɓa, da mai tsallaka titi.

Tun 2021, a Birtaniya motar da aka yi wa wannan canji ba ta cin gwajin lafiyar mota na MOT na shekara-shekara, in ban da tsofaffi ƙwarai. Jamus kuma a 2020 ta amince da wani ƙwan LED na kamfanin Osram, amma sai a motocin da aka gwada shi a jikinsu.

Muna ganin tsarin Jamus ya fi dacewa da mu, domin LED fasaha ce mai amfani idan an ɗaura ta a inda ta dace. Ya kamata hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta riƙa tantance ƙwayayen da ake shigowa da su. Jami'an FRSC da VIO su riƙa duba saitin fitila, ba takardu kaɗai ba. Masu gyaran wutar mota kuma su haska bango su daidaita fitilar kafin su sallami mai mota.