HIRAR IYALI: Baba Ya Koma Wasan Mario

 

Wata 'yar'uwa daga wajen Kabo ta aiko da tambaya, ta roƙa kada a faɗi sunanta. Ta ce, "Malam, maigidana ya ba shekara 40 baya. Kwanan baya wani yaro a shagon caji ya tura masa wani tsohon wasa a waya, wai shi Mario. Tun ran nan, in ya ci tuwon dare sai ya kishingiɗa a tabarma, yana latsa waya, yana dariya shi kaɗai. Yara su zo leƙe, ya kore su. Sau uku ke nan muna addu'ar dare ba shi. Na yi magana, ya ce, 'Ke ba ki san abin da wannan wasa yake tuna mini ba.' Shin zunubi ne, ko kuwa ƙuruciya ce ta dawo?"

Mama, mun gode. Ba gidanki kaɗai ba ne. Amma kafin mu yanke hukunci, bari mu fara gane abin da maigida yake tunawa.

Waɗanda suka tashi a shekarun 1990 sun san zancen. A lokacin aka fara kawo wasu 'yan akwatunan wasa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano. Ana haɗa su da talabijin, a cusa wani kaset na roba. A jikin kaset ɗin an rubuta wai wasanni dubbai ne a ciki, alhali kuwa 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. A Gwarzo, ko Getso, ko Garo, ba kowane gida yake da talabijin ba, balle akwatin. Saboda haka gidan da aka samu, nan yaran unguwa suke taruwa. Ɗaya ya riƙe abin latsawa, goma suna bayansa suna ihu, "Yi tsalle! Ga rami nan!" In ya mutu ya miƙa wa na kusa. In NEPA ta ɗauke wuta, kowa ya yi tsaki ya tashi, gobe a fara tun daga farko.

Wasan Super Mario Bros. kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ne ya fito da shi a 1985. Labarinsa kamar tatsuniyar kakanninmu yake. Dodo ya sace 'yar sarki, wani ɗan talaka ya kama hanya zai ƙwato ta. Zai ratsa ƙasashe 8, kowace da zango 4, wato zango 32 ke nan. Rai 3 ake ba shi ya fara da su. Akwai kuma Prince of Persia, wanda wani saurayi Ba'amurke, Jordan Mechner, ya yi a 1989. A nan waziri ne ya tsare gimbiya, aka ba jarumi minti 60 kacal ya fito daga kurkuku ya cece ta. Don gudun jarumin da tsallensa su yi kama da na mutum, Mechner ya ɗauki ƙanensa a hoton bidiyo yana guje-guje, ya bi hoton ya zana. Irin waɗannan su ake kira wasannin kasada: tafiya ce mai haɗari, da ƙofofi a kulle, da mabuɗai a ɓoye, da inda za a kai a ce an gama.

Akwai abin da zai ba iyaye mamaki game da asalin irin wannan wasa. Wanda ake ɗauka shi ne na farko, uba ne ya yi shi saboda 'ya'yansa. Sunansa Will Crowther, ma'aikacin kwamfuta ne a Amurka, mai sha'awar shiga kogunan duwatsu. Aurensa ya mutu, ya rage ganin 'ya'yansa mata biyu. Sai a 1976 ya shirya wasan da ake kira Colossal Cave Adventure, don in sun zo wurinsa su sami abin da za su yi tare. Ba hoto a ciki ko ɗaya. Kwamfuta ta rubuta maka inda kake, kai kuma ka rubuta mata abin da za ka yi, ko ka ɗauki fitila, ko ka nufi arewa. A 1977 wani ɗalibi, Don Woods, ya faɗaɗa shi, ya bazu ko'ina. Kun gani, abin da aka ƙaga don ya kusantar da uba da 'ya'yansa, shi ne yau wani uban yake korar nasa 'ya'yan a kansa.

Yau waɗannan tsofaffin wasanni sun dawo. Wayar da ke aljihunka ta fi wancan akwati ƙarfi nesa ba kusa ba. Akwai manhajar da takan sa waya ta yi aiki kamar tsohon akwatin. A 2015 wani ɗakin ajiya na intanet mai suna Internet Archive ya buɗe wa jama'a tsofaffin wasannin kwamfuta fiye da 2,000 kyauta. A 2016 Nintendo ta sake fito da ɗan ƙaramin akwati mai wasanni 30 na dā, manya suka yi ta rububinsa. Ashe marmarin ba na mutanen Kabo kaɗai ba ne.

To, zunubi ne? Wasa a kan kansa ba zunubi ba ne. Kakanninmu sun yi dara a gindin bishiya, mu ma mun yi langa a farin wata. Mai Hadishi sura 3 ya koya mana kowane abu da lokacinsa, har da dariya. Amma Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa 6:12, ya nuna ko abin da yake halal bai kamata ya mallaki mai bi ba. Ma'aunin ke nan. Ko likitocin duniya sun yarda da haka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Alamunta uku ne: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da yake yi masa. Maigidan da ya bar addu'ar iyali sau uku bai kai nan ba tukuna, amma ya kama hanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu ga maganata da kai, ɗan'uwana maigida. Me kake marmari a gaskiya? Ka yi tunani da kyau. Ba hoton ba ne, gama na yanzu ya fi shi kyau. Ba kiɗan ba ne. Abin da zuciyarka take nema shi ne zauren nan cike da yara, da ihun abokai a bayanka, da ranar da kuka kai ƙarshe unguwa duka ta ji. Wasu cikin abokan nan suna Kano, wasu Abuja, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Waya ta dawo maka da wasan, ba ta dawo maka da taron ba. Shi ya sa kake yi har tsakar dare ba ka ƙoshi. Mai Hadishi 7:10 ya gargaɗe mu kada mu zauna muna cewa kwanakin dā sun fi na yanzu, gama ba hikima ba ce. Taron da kake nema yana nan a tsakar gidanka. Su ne masu leƙen da kake kora.

Tsofaffin wasannin kuwa suna da abin da ya sa suka dace da iyali. Suna da ƙarshe. Da yawa cikin na yanzu an shirya su don kada a gama, kullum a sayi data, a sayi wani abu a ciki. Waɗansu ma caca ce sanye da rigar wasa. Na dā ba ya haɗa ɗanka da baƙon da ba ka sani ba a intanet. Yana kuma koya wa yaro haƙuri: ya faɗi, ya tashi, ya sake gwadawa, ya jira layinsa, ya taya ƙanensa murna.

Ga shawara huɗu ga kowane gida.

Na ɗaya, a sa lokaci. Rabin awa ya isa, bayan aikin makaranta da na gida. In lokacin addu'a ya yi, a ajiye waya ko da ana bakin ƙofar dodo. Uban da ya ajiye tasa da farko, ba zai sha wahalar karɓe ta yara ba.

Na biyu, a yi tare, a fili, a kan tabarma ɗaya. A bi dokar dā: wanda ya mutu ya miƙa. 'Yan mata ma a ba su, Mama ma ta gwada.

Na uku, Baba ya duba abin da aka tura masa. Masu turawa a shagon caji sukan haɗa da abin da ba ka tambaya ba. Wasan da ke cike da zub da jini, ko tsiraici, ko neman kuɗi, a share shi nan take.

Na huɗu, a mai da shi ƙofar hira. In an gama, ka ba su labarin ƙuruciyarka, da wanda ya fi kowa iyawa a unguwarku. Daga nan ka tambaye su, "Wa ya ratsa jeji da sanda kaɗai? Wa ya fuskanci ƙato da duwatsu biyar?" Littafi Mai Tsarki cike yake da tafiye-tafiyen kasada, na gaskiya kuwa. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ɗora wa iyaye koya wa 'ya'ya maganar Allah a zaune a gida da kuma a kan hanya. Ba a ce sai ran Lahadi ba.

Ku kuma iyaye mata, kada ku yi wannan magana a gaban yara, ko cikin fushi. Da tattausan harshe ake jawo maigida. Ki ce, "Maigida, yaran nan suna so ka koya musu." Ba uban da ba ya son a ce ya iya.

Annabi Zakariya, a sura 8 aya 4 da 5, da yake kwatanta birnin da Allah ya sa wa albarka, ya ambaci tsofaffi zaune a dandali, yara maza da mata kuma suna wasa a wurin. Tsoho da yaro wuri ɗaya, cikin salama. Allah ya mai da gidajenmu haka.

A ci gaba da aiko da tambayoyi. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.