Addu'ar Uwa da Ƙurar Dutse

Babu wanda ya zauna a Anka ko Bukkuyum da zai manta da shekarar 2010. A shekarar ce gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Sunke, Dareta, Abare da Yargalma, yawancinsu ba su kai shekara biyar ba. Dutsen zinariya aka riƙa kawowa cikin gida ana dakawa a turmi, yara na rarrafe cikin ƙurar suna kai hannu baki. Sai da likitocin MSF suka zo aka gane abin da ke cinye mana 'ya'ya.

Mun tuna da wannan ne domin haƙar ba ta tsaya ba, kuma har yanzu wasu mazanmu na cewa renon yara aikin mata ne. To, uwar da ke koya wa ɗanta Addu'ar Ubangiji da dare, ita ce ke wanke masa hannu kafin tuwo, ta share tsakar gida, ta hana shi wasa da buhun babansa. Mu dai ba mu ga wanda ya fi wani zama aikin bangaskiya ba. Amma wahalarta ta tashi a banza idan maigida ya dawo daga rami da ƙura a riga ya ɗauki jariri.

Muna roƙon dattawan ikkilisiya su kai maganar nan taron maza, kada ta tsaya a Zumuntar Mata kaɗai. A bar dutse da kayan aiki a bayan gari, a yi wanka, a sake tufafi kafin a shiga gida.