Tura Hoton Gawa Ba Jaje Ba Ne

Maganar wannan mako da mu nake, mu masu waya da alƙalami.

A watan Agustan 2024 bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya karaɗe wayoyinmu. Dattijo ne ɗaure a hannun 'yan bindiga, yana roƙon a cece shi. Ba a jima ba aka ji sun kashe shi, Allah ya jiƙansa. Mu nawa muka tura wannan bidiyo? Cikin masu turawa, wa ya tuna yana da iyali masu waya irin tamu? Haka aka yi a Disamban 2021 da aka ƙona matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. Kafin a yi musu sutura hotuna sun gama zaga Facebook.

Za ku ce ai don gwamnati ta gani ne. Gwamnati ba ta jiran shafinka kafin ta san ana sa wa ƙauyukan Isa da Sabon Birni haraji, ko ta san manomi sai ya biya kafin ya shiga gonarsa. Wanda ya ɗauki bidiyon nan shi ke son ya yaɗu, don da tsoro yake karɓar kuɗi. Duk wanda ya tura ya yi masa dako kyauta.

Ga labarin da muka bari a ƙasa. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Kafin a buɗe matsugunai irin na Garin Kaka da Cadakori, talakawan ƙauyukan Gidan Rumji ne suka fara sauke su a gidajensu, alhali su ma rumbunsu bai cika ba. Iyaka ta raba Gobir gida biyu, amma ba ta hana a matsa wa baƙo tabarma ba. Ina gajeren labarin matar da ta ƙara ruwa a furarta don ta isa mutum goma? Ba mu rubuta ba, don babu jini a ciki, ba kuma zai kawo mana masu tsokaci ba.

In da gaske muna tausayi, mu gwada shi a kusa. Matar da ke bara a titin Sakkwato da yara uku, wataƙila shekarun baya ita ke ba da zakkar gero. Ka gaishe ta kafin ka miƙa sadaka, kada ka ɗora ta a shafinka. Bafulatanin unguwarku da shi ma aka kora masa shanu, kada alƙalaminka ya haɗa shi da masu daji. Yaron da ya baro makaranta a Isa, awa ɗaya a mako kana koya masa karatu ta fi masa dogon rubutunka amfani.

Kai ma ka ji tausayin kanka. Ba dole ba ne ka kalli kowane bidiyo. Kashe waya, ka yi barci, ka kira ɗan uwa ku yi hira. Zuciyar da ta saba da ganin gawa kullum, wata rana za ta daina jin komai, kuma marubucin da ya daina ji ba shi da abin rubutawa.

Aikin wannan mako: kowa ya kawo shafi ɗaya kan wani alheri da ya gani da idonsa a unguwarsu. Kada a saka hoto ko sunan kowa.

Allah ya ba ƙasar Gobir lafiya.