A Duba Alama Kafin a Jona Wuta



A shekarar 1962 kamfanin Gibson na Amurka ya fitar da Maestro Fuzz-Tone, watau ɗan akwatin da makaɗin jita ke takawa da ƙafa domin ya sauya amon kiɗansa. A ganina, wanda bai san hanyar wutar irin wannan akwati ba, bai kamata ya jona shi ba.

Yawancinsu volt 9 suke ci, wuta mai gudu hanya ɗaya irin ta batir. A na kamfanin Boss da makamantansu, tsinken tsakiyar kafar wuta shi ne mai alamar ɗebewa, akasin kayan gida da yawa. In aka sa adaftar da ta saɓa wa wannan, ko wadda ƙarfinta ya zarce, lalle akwatin yana iya ƙonewa.

Wayar jita kuwa galibi kafar dama take shiga, ta hagu ta nufi na'urar ƙara sauti. Kafar shigar nan ita ce makunnin batir. Kowa ya bar waya ta kwana ciki, zai tarar batir ya yi sanyi.

Adafta marar inganci takan cika lasifika da gunji, gama ba ta tace wuta sosai. Araha ba ta ado. A karanta alamar da ke jikin akwati tukuna, sa'an nan a jona.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.