Sharhi: Kotun gyaran masu shaye-shaye da gwaji ba dare ba rana, me Potiskum za ta fara buƙata?

A shekarar 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, NDLEA. A shekarar ce kuma alƙalai a gundumar Miami-Dade ta jihar Florida a Amurka suka buɗe kotu ta farko da ke ba mashayi zaɓi: ya shiga magani ƙarƙashin idon alƙali, ko ya tafi gidan yari. Najeriya ta bi hanyar kame da ɗauri, Amurka ta ƙara wa tata hanyar wannan reshe, har irin waɗannan kotuna suka kai dubbai.

Tsarin ya tsaya ne a kan gwaji. Wanda aka karɓa yana bayyana gaban alƙali a kai a kai, yana zuwa wurin likita ko mai ba da shawara, ana kuma gwada fitsarinsa ba tare da sanarwa ba, aƙalla sau biyu a mako bisa ƙa'idar da ƙungiyar ma'aikatan kotunan ta shimfiɗa. Dalili kuwa shi ne yawancin ƙwayoyi suna ɓacewa daga fitsari cikin kwana biyu zuwa huɗu, don haka mai wayo yana iya auna lokacinsa. Wannan giɓi ne ya haifar da kayan sa ido na ba dare ba rana. Akwai filasta da ake manna wa a dantse tana tara gumi na mako ɗaya ko fiye, sannan a cire a kai ɗakin gwaje-gwaje. Akwai kuma munduwar ƙafa mai suna SCRAM, wadda ke auna giya a gumi duk rabin sa'a ta aika da sakamako.

Maganar gwaji ta shigo Najeriya da ƙarfi tun bayan da Birgediya Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya ya karɓi shugabancin NDLEA a watan Janairun 2021. Ana gwada masu neman muƙami a wasu jihohi, a 2025 kuma hukumar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya suka amince a riƙa gwada ɗaliban manyan makarantu. Alƙaluman da ke bayan wannan yunƙuri ba ƙanana ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, UNODC, a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tramadol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin.

Potiskum wuri ne da ya dace a auna wannan tsari da shi. Gari ne na kasuwar shanu da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, gari ne kuma na tireloli, inda direba da yaron mota da ɗan dako ke kwana a hanya ko su wuni a rana. A irin wannan aiki mutane da yawa suna fara haɗiyar tramadol ne don su jure gajiya, kafin ta zama musu jaraba.

A nan matsala ta farko take. Gwajin da aka saba yi wa dangin hodar iblis da tabar wiwi da heroyin da kodin ba ya kama tramadol, sai an tanadi gwaji na musamman dominta. Sholisho da sauran abubuwan da ake shaƙa ba sa cikin jerin da kayan gwaji na yau da kullum ke nema. Munduwar ƙafa kuwa giya kaɗai take aunawa, alhali ba giya ce babbar damuwar iyaye a Yobe ba. Kotun da ta sayo kaya ba tare da duba abin da ake sha a tasha da bakin kasuwa ba, za ta riƙa wanke wanda bai daina ba.

Akwai kuma haɗarin ɗaure wanda ya daina. A kotunan Amurka an sha jayayya a kan filastar gumi, saboda ƙurar ƙwaya daga waje tana iya gurɓata ta. Abin da ya sa ke nan ba a hukunta mutum da sakamakon farko sai an tabbatar da shi a babban ɗakin gwaji. Ga zafin Maris da Afrilu a Yobe, ga mai loda shanu da ke jiƙe da gumi tun hantsi: ko filastar za ta zauna a dantsensa kwana bakwai, abu ne da sai an gwada a nan kafin a dogara da shi.

Darasin da ya fi amfani daga ƙetare bai shafi na'ura ba. Jihar Dakota ta Kudu ta fara wani shiri a 2005 inda masu laifin tuƙi cikin maye ke zuwa ofishin 'yan sanda safe da yamma su hura iska a ma'auni. Wanda ya faɗi yana kwana ɗaya ko biyu a tsare nan take. Binciken cibiyar RAND ya nuna sake kama masu wannan laifi ya ragu da kashi 12 cikin ɗari. Abin da ya yi aiki shi ne hukunci ƙarami, mai sauri, wanda ba ya kuskure. Amma shirin HOPE da alƙali Steven Alm ya fara a Hawaii a 2004 kan wannan tunani, da aka kwaikwaye shi a wasu jihohi huɗu, bai fi tsohon tsari ba. Ashe sa ido shi kaɗai ba ya warkar da jaraba.

Saurin hukunci na buƙatar alƙali a kusa. Laifukan da ke cikin dokar NDLEA Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin sauraronsu, ta Yobe kuma tana Damaturu, kimanin kilomita 100 daga Potiskum. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke hidimar yankin yana Maiduguri, fiye da kilomita 200. Matashin da ke neman na abinci a kasuwa ba zai iya biyan kuɗin mota zuwa kotu duk mako biyu ba, balle kuɗin filasta. Idan gwaji ya nuna ya koma ruwa, babu gadon magani da za a kai shi a kusa, to gwajin ya zama gajeriyar hanyar gidan yari ke nan. Rashin irin wannan gado ne ya tura iyaye gidajen mari, waɗanda samamen Rigasa a Kaduna da na Daura suka tona asirinsu a 2019.

Ita ma doka ba ta buɗe ƙofar ba tukuna. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da mallaka ko shan manyan ƙwayoyi. Ta yarda alƙali ya ba da umarnin magani a matsayin ƙari a kan hukunci, amma a madadin hukunci sai ga ƙananan yara. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 sun kawo hukuncin da ba na tsarewa ba, da jami'an da za su kula da shi, kuma a kansu za a iya ɗora gwajin fitsari mai araha a asibitin Potiskum, wanda ke neman tramadol da kodin, da zaman kotu a cikin garin a ranakun da aka ware.

Kudirin gyaran dokar NDLEA da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar ya fi mayar da hankali ne kan tsananta wa dillalai, Shugaba Bola Tinubu kuma ya ƙi sa masa hannu a watan Yunin 2025 saboda saɓani kan kuɗin da ake ƙwacewa daga masu laifi. Duk ranar da 'yan majalisa suka koma kansa, wakilan Yobe suna da damar neman a saka sashe guda da zai ba alƙali ikon tura baligi mashayi magani a madadin ɗauri.