Masu Binne Hayaƙi A Ƙarƙashin Teku

A cikin watan Agusta na 2025 aka sami labari daga ƙasar Norwe cewa an soma kai hayaƙin wata ma'aikatar siminti ƙarƙashin teku ana binnewa. Watakila mai karatu ya ce, yaya za a binne hayaƙi? To, ba baƙin nan da ido ke gani a ke nufi ba. Wata iska ce da ke cikinsa, ba launi ba wari, wadda masana ke kira kabon dayoksaid. Duk inda aka ƙona kwal ko man fetur ko gas sai ta fita. Ita ce ke taruwa a sararin sama ta tsare zafin da ya kamata ya fice, shi ya sa duniya ke ta ƙara ɗumi.

Ga yadda a ke yi. Ma'aikatar tana wani gari ne da a ke kira Brevik. Kafin hayaƙin ya fita, sai a bi da shi ta cikin wani ruwan magani mai tsotse iskar nan. A dafa ruwan ya sake ta, a matse ta har ta zama ruwa, a ɗura a jirgi zuwa gaɓar yamma ta ƙasar. Daga nan wani bututu mai tsawon kilomita 100 ke shiga da ita teku, a cusa ta cikin dutse mai ƙofofi kamar soso, mita 2,600 daga ƙasan ruwa. Bisansa kuwa akwai wani dutsen da ya rufe shi ruf kamar murfin tukunya. An yi shirin kama tan 400,000 a shekara, watau wajen rabin abin da ma'aikatar ke fitarwa.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mutanen Norwe. Tun 1996 su ke yin irinsa a rijiyoyin gas na Sleipner, a Tekun Arewa. Abin lura shi ne dalilin da ya sa suka fara. A 1991 Gwamnatinsu ta aza haraji a kan kowane tan na iskar nan da masu haƙar mai a teku suka saki. Kamfanin ya buga lissafi, ya ga binnewa ta fi biyan haraji sauƙi, sai ya binne. Ba wa'azi aka yi masa ba.

Inda babu irin wannan tilas, ko wanda zai ɗauki nauyi, abin kan yi ta tangal-tangal. A jihar Teksas ta Amurka an buɗe wani wurin kama iskar a wata tashar wutar lantarki mai ƙona kwal a 2017, mai suna Petra Nova. Sayar da iskar su ke yi, ana tura ta cikin tsofaffin rijiyoyin mai don ta koro sauran man da ya maƙale. Da farashin mai ya faɗi a 2020 sai aka rufe wurin, ba a sake buɗe shi ba sai 2023. Lalle mai karatu ya ga abin mamaki a nan: an kama iska don a rage ɗumin duniya, an kuma yi amfani da ita an haƙo man da zai ƙara ta. Mafi yawan wadda a ke kamawa a duniya kuwa wannan aikin ta ke yi.

Sauran amfanin da a ke yi da ita ma sai a yi hattara da shi. Da ita a ke haɗa takin zamani na yuriya, ita ce kuma ke sa lemon kwalba kumfa. Amma da manomi ya zuba takin a gona, ko yaro ya buɗe kwalbar, ba da jimawa ba ta koma sama. Wannan aro ne, ba ajiya ba.

Ko da kuɗi a hannu ma dutsen kan yi gardama. A Ostireliya, aikin gas na Gorgon ya soma binnewa a 2019 da niyyar kai tan miliyan 4 a shekara, amma yashi da ruwan da ke cikin dutsen suka hana, aka yi shekaru ba a kai ko rabi ba.

Bari mu yi lissafi, tun da masu karatunmu ma'abuta alƙalami ne. A 2023 duniya ta saki fiye da tan miliyan 37,000 ta wajen ƙona makamashi da aikin masana'antu. Dukan wuraren kama iskar kuwa a lokacin, in sun yi aiki iyakar ƙarfinsu, wajen tan miliyan 50 ne a shekara. Watau aikinsu na shekara guda, abin da duniya ke fitarwa ne cikin sa'a 12.

Duk da haka ba mu ce a watsar da dabarar ba, ga dalili. Tashar wuta tana iya barin kwal ta koma hasken rana ko ƙarfin ruwa. Siminti ba haka ya ke ba. Fiye da rabin iskar da ke fita wajen yinsa daga jikin dutsen farar ƙasa ta ke fitowa in an gasa shi, ko da me aka gasa shi. A ganinmu nan ne kama iskar ya cancanci wahalarsa, ba a tashar kwal ba.

Irin dutsen nan a ke gasawa a Sakkwato da Ashaka da Obajana, saboda haka wata rana zancen zai iso mu. Ran da ya iso, tambaya biyu ya kamata a fara yi. Ina dutsen da za a binne iskar a ciki, tun da wuraren nan na nesa da teku? Sa'an nan wa zai biya? A Brevik Gwamnatin Norwe ce ta ɗauki mafi yawan kuɗin, ita kuwa ƙasa ce mai mutum kamar miliyan 5 da rabi da tarin dukiyar mai. A nan in Gwamnati ba ta ɗauka ba, kan buhun siminti za a aza.