Tiyon da ke Cikin Ƙirji: Mu Duba Shi Tun Bai Fashe Ba



Duk wanda ya taɓa noman rani da injin ban ruwa a bakin madatsar Challawa ya san halin tiyo. Ya fi fashewa kusa da bakin inji, inda ruwa ke fita da ƙarfi. Kafin ya fashe yakan kumbura, robarsa ta yi sirara. Manomi mai lura yana ganin haka zai rage wa inji wuta, ya nemi gyara. Mai sakaci kuwa sai dai ya ji fas, ruwa ya watse, aikin yini ya tsaya.

To, akwai tiyo irin wannan a ƙirjin kowannenmu, kuma shi ma yakan kumbura. Bambancin shi ne ido ba ya ganinsa, kuma babu na sauyi a kasuwar Rogo. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, ya kamata kowace ƙungiya ta sa awon jini da kuɗin hoton zuciya cikin lissafinta na shekara, daidai da yadda take sa taki da iri. Ga dalilanmu.

Wace jijiya ce wannan?

Zuciya inji ce. Tana bugawa kamar sau 100,000 a kowace rana, tana tura jini wajen lita biyar a minti ɗaya ko da mutum yana zaune. Duk jinin da za shi jiki ta babbar jijiya guda yake fita, wadda likitoci ke kira awota. Daga zuciya takan yi sama tukuna, sannan ta lanƙwasa kamar ƙugiya ta gangara ta bayan ƙirji zuwa ciki. Guntun nan mai hawa sama shi ne bakin inji, shi ke shan ƙarfin kowane bugu.

A jikin babban mutum mai lafiya, faɗin wannan guntu kamar santimita 3 ne zuwa 3 da rabi, wato inci ɗaya da 'yar ɗoriya. Idan bangonsa ya yi rauni sai ya riƙa buɗewa a hankali, galibi kamar milimita ɗaya a shekara. In ya kai santimita 5 zuwa 5 da rabi, likitoci sukan ce lokacin aiki ya yi, domin daga nan haɗarin tsagewa yana ƙaruwa ƙwarai.

Abin tsoron shi ne, yawancin masu wannan kumburi ba sa jin komai. Mutum yana noma, yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa. Wasu ne kawai kan ji nauyi a ƙirji, ko tari marar dalili, ko haki, ko muryarsu ta dushe ta ƙi washewa. Ranar da bangon ya tsage kuwa, ciwo ne na farat ɗaya, kamar ana yaga ƙirji, yakan ratsa har tsakanin kafaɗu ta baya. Idan ba a yi aiki ba, kusan rabin waɗanda abin ya sama ba sa wuce kwana biyu. Sau nawa muka ji an ce wane ya faɗi a gona, kafin a kawo shi gida rai ya yi halinsa? Wasu su ce jifa ne, wasu su ce iska. Ba duk irin wannan rasuwa ce daga jijiyar nan ba, amma tana cikin masu kawo ta, kuma tana cikin waɗanda ake iya hangowa tun da nisa.

Me ke raunana ta?

Na farko kuma babba shi ne hawan jini. Inji ne aka bar shi da cikakkiyar wuta dare da rana, shekara da shekaru. A Nijeriya kimanin mutum uku cikin manya goma suna da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba. Ba ciwon 'yan birni ba ne kaɗai, yana nan a ƙauye. Gishiri mai yawa, da dunƙulen miya, da kanwa, duk suna ƙara shi. Taba kuma tana lalata bangon jijiya.

Na biyu shi ne gado. Cikin mutum biyar masu wannan kumburi, kusan ɗaya yana da ɗan'uwa na jini mai irinsa. Akwai wata larura da ake kira Marfan, sunan likitan Faransa da ya bayyana ta a 1896. Masu ita dogaye ne sirara, da dogayen hannuwa da yatsu, ƙirjinsu ya lotsa ko ya turo, sau da yawa da raunin gani. Jijiyarsu takan buɗe tun suna samari. Akwai kuma waɗanda aka haifa da ƙyauren bakin jijiyar mai ganye biyu maimakon uku, kamar mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari.

Na uku, kuma dole mu faɗa ba kunya, shi ne tunjere da ba a yi masa magani sosai ba. Gyambon ya warke, mutum ya manta, bayan shekara goma ko ashirin sai ƙwayar cutar ta ci bangon jijiyar. Allurar fenisilin a kan lokaci tana hana wannan.

Hoton da ba ya yanka

Matanmu sun san sikanin da ake yi wa mai ciki. Hoton zuciya, wanda likitoci ke kira eko, ɗan'uwansa ne. Mutum zai kwanta a gefen hagu, a shafa masa wani mai a ƙirji, a ɗora 'yar na'ura. Ita ke aika sautin da kunne ba ya ji, sautin ya bugi zuciya ya dawo, kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya, sai hoto ya fito a allo. Babu allura, babu yanka, babu zafi, kuma bai cika wuce rabin awa ba. Likita zai ga faɗin bakin jijiyar ya auna, ya ga ko ƙyauren yana yoyo, ya ga ko naman zuciya ya yi kauri saboda hawan jini.

Ba sabon abu ba ne. Wani likita, Inge Edler, da wani masanin kimiyya, Hellmuth Hertz, su suka fara shi a garin Lund na ƙasar Suwidin a 1953. Yau ana yinsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Kano, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Gaskiya ne eko ba ya ganin jijiyar duka. In likita ya yi shakka, zai tura a yi babban hoton siti. Amma eko ya fi araha, shi ne ƙofar farko.

Ga wani abu kuma. Yawancin ma'aunin da ke cikin littattafan likitoci daga jikin mutanen Turai da Amurka aka ɗauko shi, alhali faɗin jijiyar yana bin tsawon mutum da girman jikinsa da shekarunsa. Kuma a nan hawan jini yakan kama mutane da ƙuruciya, ya daɗe ba magani. Duk manomin da aka auna, likitocinmu suna ƙara sanin yadda ciwon yake a jikin mutanenmu.

Abin da muka gani da idonmu

Bara, bayan girbin masara, wani ɗan ƙungiya mai shekara hamsin da 'yan kai ya soma haki in ya ɗauki kaya. Muka raka shi asibiti, aka sami jininsa 180 bisa 110. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ji ƙarar da bai yarda da ita ba, ya rubuta masa takardar hoto a Kano. Takardar nan ta yi wata huɗu a aljihunsa, saboda kuɗin mota da na hoto, ga kuma kuɗin makarantar yara. Cikin watannin nan bai fasa daga buhu ba. Sai da ya sayar da akuya biyu ya je. Aka sami jijiyarsa ta kai santimita 4 da rabi. Yanzu yana shan magani kullum, ya bar wa 'ya'yansa ɗaukar buhu, an ce ya koma awo duk shekara. Yana nan da ransa, yana nomansa. Amma wata huɗun nan su ne suka sa muka rubuta wannan. Ƙungiyar da ke iya ba shi rancen taki buhu uku ba ta da ko sisi na kai shi hoto.

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce, to in an gani fa, ina kuɗin aiki? Tambaya ce ta gaskiya. Ana iya cire guntun da ya lalace a sa na roba, kuma a 1968 likita Hugh Bentall ya bayyana tasa hanyar a Landan. A Nijeriya an fara aikin buɗe zuciya a Inugu a 1974, amma har yau wuraren yinsa kaɗan ne, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin manomi shi kaɗai. Ba za mu ɓoye wannan ba. Amma yawancin kumburin da aka gano da wuri bai kai na aiki ba. Abin da yake bukata shi ne a rage wa inji wuta: maganin hawan jini, barin taba, barin ɗaukar kaya mai nauyi. Mace mai irin wannan jijiya kuma tana bukatar shawarar likita kafin ta ɗauki ciki. Wanda ma zai bukaci aiki, gara ya sani da shekara biyu a gaba ya shirya, da ya sani a bayan mota a hanyar Kano.

Wani kuma zai ce, sai kowa ya tafi hoto ke nan? A'a. Awon jini na kowa ne, hoto kuwa na wanda likita ya tura.

Abin da muke roƙo

1. Kowace ƙungiya ta sayi na'urar awon jini mai batir, ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum biyu, mace da namiji. A riƙa awo a taron wata, a rubuta a littafi. Wanda ya kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta biyu dabam, ya je asibiti.

2. A lokacin girbi kowane ɗan ƙungiya ya ba da kwano ɗaya ko biyu na hatsi, a sayar a ajiye da sunan asusun lafiya. Wanda aka rubuta wa takardar hoto a ba shi rance nan take, ya biya bayan kaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3. Sakatarori su je su tambayi yadda ƙungiya za ta shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kano, KSCHMA, da abin da yake biya da wanda ba ya biya.

4. In an gano kumburin a jikin wani, ko wani ya rasu farat ɗaya da ƙuruciya, iyayensa da 'yan'uwansa da 'ya'yansa su gaya wa likita.

5. Wanda aka ba maganin hawan jini kada ya daina don ya ji sauƙi. A rage gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba.

6. Ciwon ƙirji mai tsanani na farat ɗaya ba na ƙaho ba ne, ba na jiƙo ba. A nemi mota nan da nan.

Muna duba injin ban ruwa kafin rani, muna duba haƙoran sa kafin mu saya. Mai injin da mai san shi ma a duba shi. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan magana a taronsu na wata mai zuwa, su aiko mana da abin da suka yanke. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.